Amsoshin Wasiƙunku: Mai Son Fara Su da Ƙaramin Kwalekwale, Daga Ina Zai Faro?

Yau wasiƙu biyu za mu haɗa mu amsa a lokaci guda, domin kuwa ko da yake daga garuruwa biyu suka fito, kusan abu ɗaya suke tambaya.

Ta farko daga wani matashin manomi ce a Funtuwa. Ya ce ya sha kallon Turawa a wayarsa, kowa cikin ɗan jirginsa na roba mai cin mutum ɗaya, suna shiga teku da fatsa suna fitowa da manyan kifaye. Shi kuwa da zarar an kau da masara da auduga, an gama casar waken suya, sai ya zauna wata da watanni ba aikin fari ba na baƙi, ga kuma dam a kusa da su. Yana tambaya, shin wannan sana'a za ta yiwu gare shi, me kuma zai fara saye?

Ta biyu kuwa daga wani magidanci ce ɗan Malumfashi, wanda ke zuwa cin rani Ikko, yana sauka wajajen Badagiri. Shi tambayarsa ita ce, mene ne bambancin ruwan dam da ruwan gishiri, kuma wanda ya iya na gida zai iya shiga na can?

To, madalla, mun gode da waɗannan tambayoyi. Amsa a taƙaice ita ce, e, abin mai yiwuwa ne. Amma fa Malam, jirgi shi ne kusan abu na ƙarshe da za ka saya. Ga yadda tsarin yake: iyo tukuna, sai rigar ceto, sai izini, sannan jirgi, daga baya a zo kan ƙugiya. Akasarin waɗanda ruwa ke ci, daga ƙarshen wannan jeri suka faro. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wane irin jirgi ne wannan?

Sunan wannan ɗan jirgi kayak. Asalinsa ba na Turawa ba ne. Na mutanen Inuwit ne da 'yan'uwansu, waɗanda ke zaune a ƙasashen ƙanƙara na can arewacin duniya, wato Girinlan da arewacin Kanada da Alaska. Su sukan haɗa ƙwarangwal ɗinsa da itacen da teku ya kawo gaɓa ko ƙashin dabba, su lulluɓe shi da fatar dabbobin teku, mutum ɗaya ya shiga ya tafi farauta. Na zamanin nan kuwa, tun daga shekarun 1970 ake zuba shi da roba mai tauri, irin wadda ake yin tankin ruwan da kuke gani a saman gidaje.

Iri biyu ne. Akwai wanda ake zura ƙafafu a cikinsa, akwai kuma wanda ake zama a bisansa. Masu kamun kifi sun fi son na biyun, saboda cikinsa rufe yake ruf da iska, yana kuma da 'yan ramuka da ruwan da ya fantsamo ke zurarewa ta ciki. Ko ya kife ba ya cika da ruwa, sai dai a birkito shi a sake hawa. Tsawonsa kan kama daga mita 3 zuwa 4, faɗinsa bai cika kai mita ɗaya ba, nauyinsa kuma daga kilo 25 zuwa 45. Ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu, a tsoma dama a tsoma hagu.

Kada wannan ya zama baƙon abu gare ku. Wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro tun 1934, ya ga yadda masunci ke kwanciya a kan babban gora, homa a hannu, yana yawo a kogin Matan Fada shi kaɗai. Buduma na tafkin Chadi kuma da ciyawar ruwa suke ɗaure nasu jirgin. Dabarar dai guda ce: mutum ɗaya, abin hawa marar nauyi, da sanin ruwa. Wannan na ukun shi ne ba a sayarwa a kasuwa.

Mataki na farko: iyo

Mu mutanen tudu ne. Daga Funtuwa zuwa bakin teku ya haura kilomita 800 a mota. Yaron Bakori ko Kafur ko Ɗanja ya san garma da fartanya tun yana ƙarami, amma iyonsa bai wuce na kududdufin bayan gari ba, inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Wannan ba iyo ba ne da za a dogara da shi a tsakiyar dam.

Ga ma'aunin da za ka gwada kanka da shi. Ka iya yin iyo na kimanin mita 100 ba tare da tsayawa ba, da tufafi a jikinka. Ka kuma iya kwanciya rigingine a kan ruwa kana numfashi a natse na 'yan mintoci. In ba ka kai nan ba, to ka nemi wanda ya iya cikin masunta ya koya maka a bakin gaɓa, da rana tsaka, a inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Ba abin kunya ba ne babba ya koyi iyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 kaɗai mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. A shekarar 2021 ɗin ne kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga watan Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa a kan nutsewa.

Mataki na biyu: rigar ceto

Wani zai ce, to tunda na iya iyo, me zan yi da riga? Malam, gwanin iyo ma yana gajiya. Jijiya tana ɗaurewa, jirgi kan buge mutum a ka yayin kifewa, ƙafa kan sarƙe a kalli. Ga kuma sanyi. Kowa ya san hunturun Funtuwa. Wanda ya faɗa ruwa da asuba a watan Disamba ko Janairu, abu na farko da ke samunsa shi ne ya ja numfashi da ƙarfi ba da niyya ba, in kuwa kansa na cikin ruwa a lokacin, to ruwa ya shaƙa. Rigar ce ke ɗago shi har ya dawo hayyacinsa.

Ba mu manta da abin da ya faru a dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano ba, ranar 30 ga Nuwamba, 2021, lokacin da jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife da lodin da ya fi ƙarfinsa. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah ya jiƙansu da rahama. Dam ne fa wannan, irin namu, ba teku ba.

Saboda haka in kuɗinka bai isa jirgi da riga ba, sayi riga ka yi aron jirgi. Ka nemi wadda ta yi daidai da nauyinka, akan rubuta shi a jikinta. Ka sa ta, ka ɗaure duk maɗaurai, ka sa wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. In ta zame ta rufe maka kunne, ta yi maka yawa. Ka gwada ta a ruwa marar zurfi kafin ranar aiki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a jiki ake sa ta, ba a shimfiɗa ta a zauna a kai. Jarka da tsohon tiyub na mota suna da amfani a jefa wa wanda ke nutsewa, amma ba su maye gurbin riga, don hannun da ya gaji sakinsu yake yi. Babbar riga, da wandon jins, da dogon takalmin roba na gona, duk a bar su a gida. Addu'ar shiga jirgi kuwa a yi ta, a kuma ɗaure riga. Tawakkali bai hana mutum yin abin da ke wuyansa ba.

Mataki na uku: izini

Ruwa yana da masu shi. A kudancin Katsina muna da dam ɗin Mairuwa da na Gwaigwaye a yankin Funtuwa, ga na Malumfashi, in an matsa arewa kuma ga Zobe kusa da Dutsin-ma, wanda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa. A irin waɗannan wurare akwai masuntan da suka riga ka, suna da shugabansu, suna da ƙa'idojinsu. Ka fara da gaida Sarkin Ruwa ko shugaban masuntan wurin. Shi zai faɗa maka inda aka shimfiɗa kalli da mamari, inda kututturan da ruwa ya rufe suke, inda laka ke riƙe ƙafa, ko akwai kada, da watannin da akan dakatar da su. Shi ne kuma zai tashi mutane in ba ka dawo ba. Baƙon da ya shiga ruwa ba sallama, ya yanke wa wani kalli, ya sayi rigima da kuɗinsa.

Daga nan ka je sashen kula da kifi na ma'aikatar gona, ko ka tambayi malamin gona na KTARDA, a nuna maka hanyar samun lasisi. Waɗansu daga cikin dam ɗin nan su ke shayar da gari, don haka akwai wuraren da ba a yarda a kusanta ba, musamman inda injin ke jan ruwa da inda ruwa ke malala in dam ya cika. Wannan wuri na biyu ko ba a hana ka ba, ka hana kanka.

Akwai kuma doka. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin gida mai lamba 108 ta 1992 ta haramta kamun kifi da guba, da nakiya, da wutar lantarki. Ta kuma hana amfani da raga mai ƙananan idanu ƙasa da milimita 76, wato kimanin inci 3, in ban da waɗansu nau'o'i da ta keɓe. Dattawa suna tune da ɓarnar da Gamalin 20 ya yi wa koguna: kifi ya mutu babba da ƙarami, wanda ya ci kuma ya kwanta. Mu manoma mu ma da namu laifin da ya kamata mu kiyaye. Wanke famfon feshi a bakin dam, ko zubar da ragowar maganin ƙwari a rafi, guba ce ga kifin da kake son kamawa gobe, ga kuma ruwan da 'ya'yanka ke sha.

Kada kuma a manta da halin tsaro. Kafin ka fita da duhun asuba zuwa bakin ruwan da ke nesa da gari, ka tambayi mutanen wurin yadda hanya take.

Mataki na huɗu: jirgi

Kayak kaya ne na shigowa daga waje, yana da tsada, kuma sai a manyan birane irin su Ikko da Abuja aka fi samunsa. In ka samu na hannu, ka kifa shi ka duba gindinsa da kyau. Rana tana cin roba, don haka wanda ya koɗe, ya yi tsatstsaga, ko ya lotsa, a bar shi. Ka duba nauyin da aka rubuta yana ɗauka, ka haɗa naka nauyin da na kaya da na kifin da kake fata, kada jimillar ta wuce kashi uku cikin huɗu na abin da aka rubuta. Sabon shiga ya zaɓi mai faɗi. Siriri ya fi gudu, amma mai faɗi ya fi zama daram, kai kuwa ba tsere ka zo yi ba.

In bai samu ba, kwalekwalen katako na gida ya isa a fara da shi, kuma shi ne ma masuntan wurin za su iya koya maka da gyara maka. Illarsa ita ce yana cika da ruwa. Maganin wannan, ka ɗaure jarkoki biyu ko uku marasa komai, masu murfi a rufe gam, a ƙarƙashin mazauni gaba da baya, ka kuma riƙe yankakkiyar jarka ta kwarfe ruwa.

Ranar farko kada ka ɗauki ƙugiya ko ɗaya. Ka je da abokin da ya iya ruwa, ku tsaya kusa da gaɓa, ka kifar da jirgin da gangan. E, da gangan. Ka koyi birkito shi, ka kama ɗaya gefen, ka harba ƙafafu a baya har jikinka ya kwanta a saman ruwa, ka ja cikinka bisa mazauni, sannan ka juya ka zauna. Ka maimaita har ya zame maka jiki. Wanda bai taɓa yin wannan a kusa da gaɓa ba, ba zai fara koyonsa a tsakiyar ruwa yana cikin firgici ba.

Ga kuma 'yan ƙa'idoji na zama a jirgi. Inda kanka ya nufa, nan jirgi zai bi, saboda haka kanka ya tsaya a tsakiya, kada ka leƙa gefe don ɗauko abu. Ka ɗaure filafili da igiya a jikin jirgi, don jirgi ba filafili kara ne a kan ruwa. Kada ka taɓa naɗe zaren fatsa a hannu ko ka ɗaure shi a ƙugu. In za ka jefa dutsen tsayar da jirgi, igiyarsa ta fita ta goshi ko ta baya, in ta fita ta gefe iska na tasowa za ta kifar da kai. Wuƙa tana kusa da hannunka kullum don yanke igiya. In jirgi ya kife nesa da gaɓa kuma ka kasa hawa, ka riƙe shi. Ya fi kanka saurin hangowa daga nesa.

Iska ita ce babbar abokiyar gabar ƙaramin jirgi. Ka fara tafiya kana fuskantarta tun da sauran ƙarfinka, don ta turo ka gida in ka gaji. Da damina, da ka ga hadari ya haɗo daga gabas, ko ka ji rugugin tsawa, to fito, ko da kifi na ci. Mutumin da ke tsakiyar ruwa riƙe da doguwar sanda shi ne abu mafi tsawo a wurin, aradu kuwa mai tsawo take nema. Kafin ka bar gida ka faɗa wa wani inda za ka da lokacin dawowarka. Ka riƙe usur a wuyan riga, da waya a cikin leda mai rufewa, da ruwan sha, da malafa.

Mataki na biyar: ƙugiya

Sai yanzu muka zo inda mai wasiƙarmu ya so mu fara. Wuri a jirgin nan kaɗan ne, don haka sanda ɗaya ta isa, mai tsawon kimanin mita 2, da ɗan keken naɗe zare in akwai hali. Ka haɗa da ƙugiyoyi ƙanana da matsakaita, da 'yar dalma, da abin da zai yi yawo a saman ruwa ya nuna maka an ci, ko da toton kara ne. Sai filaya ta cire ƙugiya, da jiƙaƙƙen buhu na ajiye kifi a inuwa.

Karfasa tana da ƙaramin baki, tana son ƙaramar ƙugiya da tana, ko gara, ko ɗan ƙullin tuwo da dusa. Tarwaɗa kuwa a ƙasan ruwa take kiwo, da ƙamshi take bin abinci, hanjin kaza ko ɗan ƙaramin kifi na jawo ta, ta fi kuma ci da magariba da asuba. Ka nemi kifi a gefen ciyawa, da bakin da rafi ke shigowa dam, da kusa da itacen da ya nutse. Amfanin ƙaramin jirgi ke nan: ba ƙarar inji, ba mai, kuma yana shiga lungun da babba ba ya shiga. A yi hattara da ƙayar kurungu da ta tarwaɗa, don kifin da ke fizge-fizge a tsakanin cinyoyinka cikin ɗan jirgi ba wasa ba ne.

In ka kamo karfasa ka ga ƙwai ko 'ya'ya a bakinta, mayar da ita. Haka uwar take renonsu, a baki. Ƙananan kifi ma a sake su. Manomin da ya cinye iri ya san abin da zai tarar da damina.

Wani abu da ba a gani da ido shi ne tsargiya. Tsutsarta tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwa da ke zaune a ruwan da ba ya gudu, ta huda fata ta shiga jiki. Alamar da aka fi sani ita ce fitsarin jini. Ba balaga ba ce, ba kuma zafin rana ba ne, cuta ce mai lalata mafitsara in an bar ta. Tana da magani a asibiti, ana kiransa firazikwantel. Mai yawan shiga ruwa ya riƙa zuwa gwaji, kada kuma a yi fitsari ko bayan gida a bakin dam, don ta nan cutar ke komawa ruwa.

Batun riba kuwa, mu faɗa maka gaskiya. Kasuwa tana nan. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta bayar a 2021 sun nuna Nijeriya na bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da ake samarwa a gida kuwa bai wuce tan miliyan 1.1 da 'yan kai ba, shi ya sa kifin ƙanƙara ya cika kasuwanninmu. Amma fatsa ɗaiɗai take kamawa. A shekarar farko ka sa ran na miya da ɗan abin cefane. Kada ka sayar da sa ko kuɗin taki don jirgi.

Ruwan gishiri

Yanzu sai mu juya gare ka, Malam na Malumfashi. Duk abin da muka faɗa yana nan daram a teku, sai dai akwai ƙarin abubuwa huɗu da dam bai koya maka ba.

Na ɗaya, teku yana cikowa yana janyewa. Yakan ɗauki kimanin awa 6 yana hawa, awa 6 yana sauka, sau biyu a kwana ɗaya, kuma kullum lokacin na jinkirta da kusan minti 50. Wata ne ke jan ruwan, rana na taimaka masa. Lissafin watan Musulunci zai yi maka amfani a nan: cikowa da janyewa sun fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren 14 da 15. A Ikko hawan bai wuce kimanin mita ɗaya ba, amma a mashigin da tafkin Ikko ke haɗuwa da teku, ruwan da ke fita yana gudun da ya fi ƙarfin mai filafili, ga kuma manyan jiragen da ke shiga Apapa, waɗanda ba sa ganinka, ko sun gan ka ba sa iya tsayawa. Nan ba wurinka ba ne.

Na biyu, igiyar ruwa a bakin gaɓa. Gaɓar Ikko tana da igiya mai ƙarfi, musamman daga Yuni zuwa Satumba. Akwai kuma wuraren da ruwan da ya bugi gaɓa ke komawa ciki ta siririyar hanya kamar kogi. Wanda ya faɗa cikinta kada ya yi kokawa da ita. Ya yi iyo ta gefe, a tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta, sannan ya nufo tudu.

Na uku, iskar hunturu. A dam in iska ta kwashe ka, ƙarshenta ta kai ka ɗaya gaɓar, ka dawo gida a ƙafa. A bakin tekun Ikko kuwa iskar hunturu daga tudu take busowa zuwa cikin teku. Ruwan kusa da gaɓa sai ya yi lumui kamar faranti, ya yaudare ka, tana tura ka ciki a hankali, hazo kuma ya rufe gari. Can babu ɗaya gaɓar.

Na huɗu, gishirin kansa. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Ba ya shayuwa, wanda ya sha ƙishirwa ce za ta ƙaru. Yana kuma cin ƙarfe, don haka duk ranar da ka fito ka wanke ƙugiya da keke da wuƙa da ruwan daɗi, ka shanya su.

Shawararmu gare ka ita ce ka tsaya a ruwan cikin lungu, irin na Badagiri da Epe, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, babu kuma babbar igiya. Ka bi masuntan Egun da Ilaje da suka gaji wurin, ka yi musu yaron jirgi na kaka ɗaya ko biyu. Su za su nuna maka kifin da ake kamawa da hannu da wanda ba a taɓawa, kamar mai kaifin haƙori da ake kira barakuda, da mai dafi a wutsiya irin kunamar ruwa. Hukumar LASWA ta Jihar Ikko da hukumar NIWA ta tarayya, mai hedikwata a Lakwaja, su ke kula da zirga-zirga a waɗannan ruwaye, kuma dukansu sun wajabta sa rigar ceto. Shiga tsakiyar teku kai kaɗai a jirgin roba kuwa, mun ce a'a. Waɗanda kake gani a waya suna da na'urar kiran agaji da jiragen ceto a bayansu, kuma wanda bai dawo ba, ba a nuna hotonsa.

Mai son ƙarin ilmi, akwai Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da kwalejin horar da ma'aikatan kifi a Sabuwar Busa, bakin tafkin Kainji a Jihar Neja. Akwai cibiyar binciken teku a Tsibirin Biktoriya a Ikko. Nan kusa kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma tana da sashen nazarin kifi da kiwonsa.

To jama'a, iyaye da malamai na yankin Funtuwa da Malumfashi, wannan magana har da ku. In yaronku ya nuna sha'awar ruwa, hana shi da tsawa ba ya hana shi zuwa a ɓoye. Gara ku kama hannunsa ku kai shi wurin Sarkin Ruwa, ku saya masa riga, a koya masa a gabanku. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, amma wanda ya bi shi da ladabi yana cin arzikinsa har tsufa.

A nan za mu dasa aya. Masu tambaya a kan banda da adana kifi, mun ga wasiƙunku, suna kan layi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.